Maganar Malam Lukuman da Aka Yanke

Shekara ashirin da shida ke nan rumfata na jingine da ta Malam Lukuman a kasuwar Gwandu. Ni tela ne, sunana Abubakar, shi kuma gyaran rediyo yake yi. Da zana ce ta raba mu, daga baya aka sa kwano, amma duk abin da aka faɗa a wajensa ina jin sa ina kan kekena. Mafi yawan abin da zan faɗa a nan a kunnena ya faru. Sauran shi ya gaya mini da bakinsa.

A Dalijan aka haife shi, ɗan manomi. Tun yana ƙarami ƙafarsa ta hagu ta sami rauni, ba ya iya yini a gona, sai mahaifinsa ya kai shi Birnin Kebbi wajen wani mai gyaran rediyo don ya koyi sana'ar zaune. Ya yi shekara bakwai a can. Ya dawo da akwatin katako, a ciki akwai sukudireba iri-iri, da dalma, da ƙarfen liƙi wanda ake ɗorawa a kan garwashi, ya kafa rumfa a nan Gwandu. A wancan lokacin babu magidancin da ba shi da rediyo. Manoma na kai ta gona, makiyaya na rataye ta a kafaɗa cikin rigar fata, kuma duk wadda ta yi shiru wajen Lukuman take zuwa.

Rediyo uku yake ajewa a kan kanta, kowace a tasharta. In labari ya zo ba ya maimaita shi sai ya ji shi a duka ukun. Mutane suka saba, da hantsi su taru a bencinsa su ji abin da duniya ke ciki, su kuma ji yadda yake ganinsa. Mutum ne mai ra'ayin da. Ba ya son finafinai, ba ya son mawaƙan siyasa, yana ganin ba daidai ba ne ƙarami ya riga babba magana a taro. Mun sha yin musu da shi, don wani lokaci yana tsanantawa. Amma shi ɗin ne ya tsaya kai da fata sai da 'yarsa Khairiyya ta gama makarantar kiwon lafiya, lokacin da 'yan'uwansa ke cewa karatun ya isa haka. Yanzu tana aiki a wani asibiti a Kalgo, can take aure.

Da wayar hannu ta shigo, aikinsa ya fara ja da baya. Wanda rediyonsa ta lalace sai ya jefa ta bayan ɗaki. Bencin ya rage mutane, waɗanda suka zo ma kowa kansa a sunkuye yake kan waya. Abin ya dame shi, ba don cinikin kaɗai ba. Yakan ce a da labari sai ya bi ta hannun wanda ya san aikinsa kafin ya iso ga mutane, yanzu kuwa kowa gidan rediyo ne a aljihunsa, ba mai tace shi, ba mai tsawata masa.

Sai ya fara kiran wani shiri na safe a wata tasha mai zaman kanta a Birnin Kebbi, inda masu sauraro ke faɗin ra'ayinsu. Cikin shekara biyu sunansa ya zagaya. In mai gabatarwa ya ce ga Lukuman Mai Rediyo daga Gwandu, masu shayi kan ƙara murya. Maganarsa kusan ɗaya ce kullum, sai dai misalan su canja: a daina yaɗa abin da ba a gani ba, kuma hukuma ta yi doka mai tsanani a kan masu yaɗa jita-jita a waya. Ya sha cewa in da shi ke da iko, wanda duk ya tura maganar da ba shi da shaida a kanta sai ya kwana a caji ofis.

A nan ne Muzzammil ya shigo. Magidanci ne ɗan shekara talatin da wani abu, yana da shagon cajin waya a bakin tasha, yana kuma da shafi a intanet inda yake sa labaran gari. Wata rana ya zo ya durƙusa ya gaida Malam.

"Baba, maganarku tana ƙarewa da shirin. In kun yarda in riƙa ɗaukarku a waya ina sawa a shafina, har Legas za a ji ku."

Na ɗauka zai kore shi. Bai kore shi ba. Ya ce zai yi tunani, bayan kwana biyu na ga ya zo kasuwa da sabuwar hula. Ba na faɗin wannan don in ci zarafinsa. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru ana sauraronsa, sai ya wayi gari ana wuce shi, ga kuma wanda ya zo yana cewa dubban mutane na jiransa. Daga nan duk ranar Talata Muzzammil na zuwa ya kafa waya a kan kanta, Malam ya yi magana minti shida ko bakwai. Ya yi a kan tarbiyya, ya yi a kan tsadar taki, ya yi a kan masu zagin malamai. Jama'a sun so shi.

A bara, bayan an cire gero, ɓarayi suka shiga wani ƙauye a yankin Maruda suka kore shanun noma, suka harbe mai gida ɗaya da ya fito. Gari ya ɗauki zafi. Kafin kwana uku magana ta fara yawo a waya cewa akwai mai kai wa ɓarayin labari, kuma ana kiran sunan Haliru.

Halirun nan mun san shi. Bafulatani ne da ke zaune a rugar da ke gefen Maruda tun zamanin mahaifinsa, yana kiwo yana noma. Shekara talatin yana kawo wa Malam Lukuman rediyo, in ya zo kuma sai ya zauna a benci sun yi musu a kan ko damina za ta yi kyau. Abin da aka kafa hujja da shi kawai, an gan shi a hanyar ƙauyen kwana ɗaya kafin harin. Hanyar kuwa ita ce yake bi kullum zuwa mashaya.

Ranar Talata Malam ya zo ransa a ɓace. Ya ce yau a kan wannan zai yi magana. Na tsayar da keke na leƙa ta saman kwanon.

"Malam, ka yi maganar amma kada ka kira suna."

"In ban kira suna ba wa zan wanke? Kowa ya san sunan, Abubakar. Ni wanke shi za ni yi."

Na koma kan ɗinkina, amma na ji duk abin da ya faɗa. Ya fara da ta'aziyya ga iyalan mamacin. Sannan ya ce: "Na ji ana yawo da magana, wai Haliru na Maruda shi ke kai wa ɓarayi labari, shi ke nuna musu gidajen masu shanu. To wa ya gani? Wa zai dafa Alƙur'ani ya ce a gabansa anka yi? Ni na san Haliru shekara talatin, ban taɓa jin ya ɗauki ko akuyar wani ba. Mai shaida shi kai wa hukuma, wanda ba shi da ita shi ji tsoron Allah shi yi shiru." Ya ci gaba har minti bakwai, ya kawo aya, ya ja kunne.

Washegari da azahar wayarsa ta yi ƙara. Khairiyya ce daga Kalgo. Da yake kunnensa ya fara nauyi yakan buɗe muryar wayar, don haka na ji ta.

"Baba, ku ne kunka ce Haliru ke kai wa ɓarayi labari?"

"Ni? Ni da na hana a faɗa?"

"Ga shi nan a wayar kowa a asibiti. Fuskarku ce, muryarku ce."

Muka rufe rumfuna muka tafi shagon Muzzammil. Ya nuna mana. Bai sa maganar duka ba. Ya yanko wani gutsure da bai kai rabin minti ba, ya haɗa wuri biyu: "Haliru na Maruda shi ke kai wa ɓarayi labari, shi ke nuna musu gidajen masu shanu. Ni na san Haliru shekara talatin." A sama ya rubuta cewa Baba Lukuman ya yi magana a kan batun Maruda, a biyo shi gobe don jin cikakken bayani.

Malam ya kalli abin sau biyu. Sai ya dafa tebur.

"Ina 'wai' ɗin da na ce? Ina 'wa ya gani'?"

"Baba, ba wanda ke tsayawa ya kalli minti bakwai sai an ja shi. Haka ake yi. Gobe da na sa cikakken kowa zai gane."

"Sa shi yanzu."

Ya sa shi nan take, ya kuma goge gutsuren daga shafinsa. Ban ga alamar mugunta a fuskarsa ba, tsoro na gani. Amma gutsuren ya riga ya bar hannunsa. An sauke shi, an tura wa ƙungiyoyi, an cire rubutun da ke cewa a jira gobe. Wani ma ya sa masa kiɗa.

Da safiyar Alhamis wasu matasa 'yan sa-kai suka tare Haliru a hanyar mashaya. Suka ɗaure shi a jikin itace suka yi ta dukansa don ya faɗi abokan aikinsa. Wasu suka wuce rugar suka cinna wa bukka biyu wuta, da rumbun gero. Mai garin Maruda ne ya zo da kansa ya kwance shi, ya miƙa shi ga jami'an tsaro don a tsira da ransa. An riƙe shi kwana goma sha ɗaya, ba a same shi da komai ba, aka sake shi da karyayyen hannu. Kafin ya fito, matarsa Inno ta riga ta kwashe yara da sauran dabbobi ta yi ƙasar Kalgo, wajen danginta da ke kusa da Dangoma.

A cikin kwanakin nan Malam Lukuman bai zauna ba. Ranar Jumma'a da safe ya kira shirin rediyon. Ya yi sallama, ya ce yana so ya gyara wata magana da aka jingina masa a kan abin da ya faru a Maruda. Mai gabatarwa ya katse shi cikin ladabi, ya ce an umarce su kada su karɓi kira a kan sha'anin tsaro, sai dai ya yi magana a kan batun ranar, wato ruwan sha. Ya sake kira ranar Litinin, ba a ɗauka ba.

Ranar Laraba aka aiko masa da takarda ya je ofishin jami'an tsaro. Na raka shi. Jami'in da muka samu bai ci mutuncinsa ba, har kujera ya ba shi. Malam ya roƙe shi ya saurari cikakken faifan, ya saurara.

"Na ji, Baba, kuma na yarda ba haka kuka nufa ba. Amma maganarku ta jawo wuta. Umarnin da ke hannuna shi ne ku sa hannu ba za ku sake magana a kan wannan batu a rediyo ko a waya ba."

"To ƙaryar fa? Tana nan tana yawo. In na yi shiru wa zai ce ƙarya ce?"

"Duk wata magana yanzu ƙara hura abin za ta yi. Ku sa hannu ku koma gida."

Malam ya kalli takardar. Sannan ya sa hannu da ajami, kamar yadda ya saba. Da muka kusa kasuwa ya juyo ya ce mini:

"Abubakar, dokar da nake roƙo ke nan. Ga ta an yi, a kaina ta fara."

Takardar ba ta hana shi magana baki da baki ba, don haka ya nemi izinin limamin unguwa ya tashi bayan la'asar ya yi bayani. Mutane sun saurara. Amma kafin mu kai ƙofar masallaci na ji wani na cewa an tsorata tsohon ne ya janye maganarsa. Bayan kwana biyu aka fara cewa Fulani sun kawo masa saniya. Cikakken faifan da Muzzammil ya sa, waɗanda suka kalla ba su kai ɗari biyar ba. Gutsuren kuwa har wani ɗan'uwana da ke Fatakwal ya turo mini yana tambaya ko maƙwabcina ne.

Malam ya rame a watan nan. Yakan buɗe rumfa ya zauna, garwashin ya mutu bai liƙa komai ba. Da ya ji an saki Haliru ya bi iyalinsa, sai ya ce zai tafi Kalgo. Na ce in raka shi, ya ce a'a, wannan tafiyar tasa ce.

Ya sauka a gidan Khairiyya. Ya ce mini da ta kawo masa ruwa ta zauna nesa kaɗan, sannan ta yi magana.

"Baba, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Muzzammil ya yi laifi. Amma ku kunka koya muna in ba mu ga abu ba kada mu ɗauke shi a bakinmu. Ko don ku ƙaryata ne, ai kun ɗauka."

Ya ce ya so ya yi mata tsawa, sai ya rasa abin da zai tsawatar a kai.

Washegari da hantsi mijinta ya ɗauke shi a babur, ita kuma ta ba shi wayarta da cikakken faifan a ciki. Suka yi tambaya har suka sami rugar. Inno ce ta fara ganinsu, tana shanya ƙwarya. Ta gane shi. Ta amsa sallama a taƙaice, ba ta shimfiɗa tabarma ba, ta nuna masa inuwar da Haliru ke kwance.

Hannun na ɗaure da karan ɗori, ido ɗaya bai gama buɗewa ba. Ya yunƙura ya zauna. Suka gaisa kamar yadda suka saba, aka tambayi iyali, aka tambayi dabbobi. Sannan Haliru ya ce:

"Malam, ni ba ni da irin wayar nan. Ban san an yi wata magana ba. Ina ɗaure sunka kanga mini ita a kunne, sunka ce ga abokinka ma ya shaida. Na ji muryarka. Duka bai yi mini ciwo kamar wannan ba."

Malam Lukuman ya ciro wayar Khairiyya daga aljihu. Ya danna wayar ya aje a kan tabarma. Haliru ya saurara daga farko har ƙarshe bai motsa ba. Inno ma ta matso ta tsaya a bayansa. Faifan ya ƙare.

"Na ji," in ji Haliru. "Hankalina ya kwanta ta wajenka. Na yafe."

Inno ta ce, "Malam, mu mun ji. Waɗanda sunka ƙone muna hatsi sun ji? Ɗiyata an fasa aurenta a kan maganar ga. Kai musu su ji."

Ta juya ta koma wajen ƙwaryarta. Malam ya tambayi Haliru ko zai koma Maruda in abin ya lafa. Haliru ya girgiza kai, ya ce ko ya koma, duk ranar da akuyar wani ta ɓata shi za a fara kallo.

Malam ya dawo Gwandu ya sa Muzzammil ya zuba masa faifan a wata tsohuwar waya. Ranar da ba kasuwa ya hau mota ya tafi Maruda, da ƙafarsa mai ciwo, ya sami mai gari ya roƙi a tara masa matasan. An tara wasu. Ya kunna musu, ya yi bayani. Biyu daga cikinsu sun sunkuyar da kai, ɗaya har ya biyo shi bakin hanya ya ce shi ruwa kawai ya ɗebo, bai yi duka ba. Babbansu kuwa cewa ya yi, in Haliru ba shi da laifi me ya sa ya gudu. Malam ya koma Maruda sau uku. A na ukun mutum huɗu kaɗai suka zo.

Muzzammil ya zo ya durƙusa ya nemi gafara, Malam kuma ya yafe masa, amma ya ce kada ya sake kafa masa waya. Shafin na nan yana aiki, mabiyansa ma sun ƙaru. Shirin rediyon kuma Malam bai sake kira ba, ko da aka daina maganar Maruda. Wasu masu sauraro sun yi ta tambayarsa a shirin na ɗan lokaci, daga baya suka daina.

Kwanan baya, muna cin abincin rana, na tambaye shi ko har yanzu yana nan a kan bakansa cewa a yi wa masu magana doka. Ya aje cokali.

"Ban sani ba, Abubakar. In an bar kowa shi faɗi abin da ya ga dama, ga abin da anka yi wa Haliru. In an ce a rufe baki, nawa anka rufe, na ƙarya yana buɗe. Da ina da amsa a kan komai. Wanga abu ba ni da ita."

Da damina ta faɗi bana, labari ya zo mana cewa wasu sun shiga gonar Haliru da ke gefen rugar sun yi shuka, suna cewa mai ita ya bar ta. Malam Lukuman ya sake ɗaukar sandarsa. Ya je wajen mai gari, ya je wajen hakimi, ya nemo dattawa biyu da suka san iyakar gonar tun zamanin mahaifin Haliru. An sa ranar zama sau biyu ana ɗagawa, na farko wai ɗaya ɓangaren bai zo ba, na biyu an yi rasuwa. Geron da aka shuka ya kai gwiwa. Jiya ya kawo mini rigarsa in ɗinke masa aljihun da ya yage, ya ce an sake sa musu ranar Alhamis, kuma ɗaya daga cikin dattawan ya aiko cewa ba ya jin zai samu zuwa.